Anti Jan Biro da Mai Akwati

A hawa na uku na ofishin rajistar ƙirƙira, can ƙarshen baranda inda fankar sama ke kuka kamar za ta faɗo, akwai wata mata da kowa ke kira Anti Jan Biro. Sunan ya samo asali tun zamanin da ake kawo takardu cikin fayil na kwali, ita kuwa ba ta mayar da fayil sai ta yi masa jina-jina da ja. Daga baya aka koma kwamfuta, biron ya bushe a cikin durowa, amma sunan ya ƙi sakinta.

Aikinta ba wuyar faɗa. Duk wanda yake ganin ya ƙirƙiro wani sabon abu, sai ya rubuto yadda abin yake aiki, ya nemi a ba shi takardar mallaka don kada wani ya kwaikwaya. Ita kuma sai ta zauna ta bincika ko an riga shi. In an riga shi ta ce a'a. In ba a riga shi ba ta sa hannu. A'a ɗin ta fi yawa nesa ba kusa ba.

Ba wannan ta yi niyya ba tun farko. Mahaifinta mai gyaran rediyo ne, a shagonsa ta tashi tana riƙe masa waya yana lanƙaya dalma, ƙaurin dalmar har a gashinta. Ta karanta injiniyancin lantarki da burin ta riƙa haɗa na'ura da hannunta. Da ta gama ta yi shekara biyu tana yawon neman aiki har takalminta ya suɗe, sai wani ƙanin mahaifiyarta ya ce ana ɗaukar mutane a wannan ofishi. "Ki riƙe kafin wani abu ya samu," in ji kawun. Shekara ashirin da uku ke nan tana riƙon.

Sashen da aka ba ta shi ne na tura hoto da murya ta intanet, irin wanda mutum zai riƙa kallo abin yana zuwa, ba sai ya gama saukewa ba. Ta karanta dabaru sun fi dubu, kuma dukansu da abokin gaba ɗaya suke yaƙi, wato ɗan zoben nan da ke juyawa a tsakiyar fuska in hoto ya tsaya. Wani ya ce a yayyanka fim gunduwa-gunduwa, kowace ta daƙiƙa biyu. Wani ya ce a yi kowace gunduwa kala uku, mai kyau da matsakaiciya da ta maleji, waya ta zaɓi wadda ƙarfin sabis zai iya ɗauka. Wani ya ce a ajiye fina-finan da aka fi kallo a rumbun da ke kusa da unguwa don kada a riƙa ɗauko su daga wata duniya. Dabarun da kansu ba su dame ta ba, wasu ma sun burge ta a da. Abin da ya cinye ta shi ne bakin lauyoyin da ke rubuta su. Jimla ɗaya sai ta ci shafi da rabi. Ta kan ce wa Dogo, abokin aikinta na tebur na gaba: "Lauya ba ya cewa cokali. Sai ya ce wani abu na farko mai dogon hannu da baki mai zurfi, domin ɗaukar wani abu na biyu zuwa wani wuri na uku."

A shekarun baya Dogo yakan yi dariya. Yanzu shi ma sai dai ya ce, "Allah ya kyauta, Anti," ya ci gaba da murza ido.

Idon nata ya fara gazawa. Ta canza tabarau sau huɗu, wuyanta ya ƙage, ƙafafunta suna kumbura kafin a tashi. Ƙa'ida fayil shida ne a mako, Oga kuma yana da wani allo a ofishinsa da ke nuna wanda ya cika da wanda bai cika ba. In ta koma gida da yamma ba ta son ganin duk wani abu mai haske. Maigidan nata, wanda ya yi ritaya daga hukumar ruwa, ba shi da aiki sai kallon ƙwallo a waya. In hoton ya tsaya ana dab da cin gida sai ya ɗaga murya daga falo.

"Mamansu, zo ki ga aikin mutanenki! Shekara ashirin kuna sa hannu, ga shi ɗan wasa ya daskare da ƙafa ɗaya a sama."

"Kai ma shekara talatin kana hukumar ruwa," ta kan ce daga ɗaki, "je ka murɗa famfo mu gani."

Sai Auta ta fashe da dariya. Auta ce kaɗai ta rage a gida, kullum maganarta ɗaya: "Mama, ki ajiye aikin nan haka." Ita kuma kullum amsarta ɗaya, saura shekara biyu.

Cikin waɗannan shekaru biyun ne fayil ɗin Mai Akwati ya faɗo teburinta. Ranar Talata ce da hantsi. Ta buɗe ta ga babu sunan lauya, mutumin da kansa ya rubuta. Shafi arba'in, da zane-zanen da aka yi da rula da fensir. Ta ja tsaki, don irin waɗannan sun fi ba da wahala. Amma da ta fara karantawa sai ta ga tana fahimta tun a karon farko, abin da ta manta rabonta da shi.

Mutumin ma'aikacin wani kamfanin bas ne na dogon zango, shi ke kula da talabijin da intanet na cikin motocin. Matsalarsa ita ce, hanya tana da wuraren da sabis ke mutuwa, cikin kwari, bayan duwatsu, tsakiyar daji. Fasinja na cikin kallo sai hoto ya tsaya, a hau zagin direba. Shi ne ya haɗa wani akwati da ake sawa ƙarƙashin kujerar gaba. Akwatin yana haddace hanya. Tunda motar kullum hanya ɗaya take bi, ya san inda sabis zai ɗauke, sai ya riga ya kwaso gunduwoyin da za a buƙata tun ana wuri mai ƙarfi, kamar matafiyin da ke cika gora kafin ya shiga inda ba rijiya.

Anti ta cire tabarau ta goge. Dabarar ta yi mata kyau, kuma kyan nata ne ya sa gabanta ya faɗi, don ta san abu mai kyau haka da wuya a ce ba a riga shi ba. Ta shiga bincike. Minti arba'in ya ishe ta. Wani kamfani a wata ƙasa mai nisa ya rubuta kusan abu ɗaya shekara goma sha ɗaya da suka wuce, sai dai su jirgin ƙasa suka ambata. Ta rubuta takardar ƙi, ta haɗa da kwafin ta kamfanin, ta aika. Sannan ta buɗe fayil na gaba.

Bayan mako biyu mai gadi ya leƙo ya ce wani yana nemanta, ya ƙi tafiya, kuma ya zo da kaya. Aka shigo da shi ɗan ɗakin ganawa. Mutum ne siriri, furfura ta fara cin gemunsa, farcensa duk baƙin mai. Yana rungume da wani abu naɗe cikin tawul kamar jariri. Tun daga ranar ma'aikata suka sa masa Mai Akwati.

Suka gaisa. Ya ɗora abin a tebur ya fara warware tawul.

"Malam, bar shi a rufe," in ji ta. "Mu takarda muke dubawa, ba na'ura ba."

"Amma yana aiki, ranki ya daɗe. Motoci tara na sa wa. Ki tambayi direbobi."

"Ban yi musu ba."

"To ina laifin?"

Ta tura masa takardar kamfanin. Ya ce ya karanta, sau uku ma, da ƙamus a gefe. "Wallahi ban taɓa jin sunansu ba. Ban taɓa ganin takardar nan ba sai da kika aiko. Shekara shida ina abin nan a bayan gareji, ni da Allahna. Ni ba ɓarawo ba ne."

"Ba wanda ya kira ka ɓarawo. Doka ba ta tambaya ko ka gani ko ba ka gani ba. Tambayarta ɗaya, wa ya fara rubutawa. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi."

Ta sha faɗin wannan magana, har ta zama mata kamar gaisuwa. Wasu in sun ji sukan yi faɗa, wasu su ce za su kai ƙara. Shi wannan bai yi ko ɗaya ba. Ya zauna yana shafa tawul ɗin da tafin hannu. Can ya ce matarsa ta daɗe tana cewa akwatin nan ya fi 'ya'yansa ganin fuskarsa. Ya ce ranar da babbar 'yarsa ta gama makaranta yana kan hanya, yana auna sabis a wani kwari. Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi, ya naɗe kayansa.

"Kana da wata uku ka ba da amsa," ta ce masa a bakin ƙofa, don ƙa'ida ce a faɗa.

"Amsar me kuma?" Ya sauka bene a hankali, hannu ɗaya a kan ƙarfe.

Ranar ba ta ci abincin rana ba, kanta ke sarawa. Ba tausayi ne ya mayar da ita kan fayil ɗin ba, ita dai haka ta gaya wa Dogo. Abin da ya faru shi ne, ta san ranar Talatar nan daga shafi na talatin ta fara tsallake, tunda ta riga ta samu abin da take nema. Wannan ya tsaya mata a rai kamar ƙaya a haƙori. Washegari ta buɗe ta karanta sauran.

A shafi na talatin da huɗu akwai wani ɗan sakin layi da mutumin ya jefa kamar abin da ba shi da muhimmanci. Ya ce wani lokaci haddar akwatin takan yi ƙarya, don turken sabis yakan lalace yau a inda jiya lafiya lau. To sai ya sa in motocin kamfanin biyu suka yi kiciɓis a hanya, mai zuwa da mai dawowa, a cikin daƙiƙa ukun da suke gilma juna akwatunan su yi magana. Mai dawowa ta gaya wa mai zuwa, gabanki a wuri kaza babu sabis yau, ki cika tun yanzu. Ya rubuta cewa daga direbobi ya koya, yadda suke kunna wa juna fitila in akwai matsala a gaba.

Ta karanta sau biyu. Sannan ta shiga nema.

Kwana tara ta yi. Ta nema da kalmomin mota, ta nema da na jirgi, ta nema da irin karkataccen bakin da lauya zai kira wannan abu da shi, abin hawa na farko da abin hawa na biyu. Ta buɗe takardu sun kai ɗari uku, wasu da harsunan da sai na'ura ta fassara mata, fassarar ma kamar maganar mai zazzaɓi. Idonta ya yi ja, tana ɗiga magani tana ci gaba. Ta samu masu kama, ba ta samu shi ba. Sunanta a allon Oga ya koma ƙasan kowa.

Oga ya kira ta. Yaron jiya ne a wurinta, ita ta koya masa bincike lokacin da ya zo, don haka yana jin nauyinta.

"Anti, fayil biyu a mako biyu? Ni ma fa ana tambayata daga sama."

"Na sani."

"Mutumin nan ko lauya ba shi da shi. Kin riga kin ƙi, ki bari wata ukun su cika a rufe. Wa zai ce kin yi laifi?"

"Ba kowa," ta ce. "Zan cike maka gurbin a wata mai zuwa."

Ta cike kuwa, wuyanta ne ya biya.

Doka ba ta yarda ta rubuta wa mai nema takardarsa ba, amma ta yarda ta kira shi ta gaya masa abin da bincike ya gano da abin da bai gano ba. Ta kira shi. Ya zo da kayan aiki a jikinsa, wannan karon ba akwati. Ta nuna masa shafin, ta ce duk sauran an riga shi, amma wannan ɗaya ba ta ga wanda ya riga shi ba. Ta zaci zai yi murna. Sai ya ɓata rai.

"Wannan? Ai wannan a yini biyu na yi shi. Gishiri ne kawai na barbaɗa. Shekara shida na kawo miki, ki ce in ɗauki na yini biyu?"

"Ni ban ce ka ɗauki komai ba. Na gaya maka abin da na gani."

"Wato sa na kawo, a ba ni wutsiya."

Gajiya ta taso mata har wuya. Ta dafa tebur. "Malam, kwana tara na yi a kan wutsiyar nan. Ina da fayil sittin suna jirana, kuma ido biyu gare ni, ɗaya ma ya kusa tafiya. In kana so, ka koma ka rubuta wannan shi kaɗai, dalla-dalla, me akwatin farko ke faɗa, yaushe, me na biyu ke yi da abin da ya ji. In ba ka so, ƙofa ga ta nan, ba wanda zai riƙe ka. Da babu gara ba daɗi."

Ya dube ta, kamar yau ya fara ganin mutum ce zaune a wurin. Ya ce, "Allah ya huci zuciyarki." Ya tafi.

Saura kwana huɗu wa'adin ya cika takardarsa ta iso, shafi uku. Takardar ba ta yi ba. Ya sake cusa rabin tsohon zancen ta bayan gida. Ta mayar. Ya sake aikowa, wannan karon ya manta bai faɗi tazarar da akwatunan ke jin juna ba. Ta mayar. Haka suka yi ta yi har sau huɗu, kowane zagaye wata biyu ko uku, don fayil in ya fita sai ya sake bin layi. A na uku ya haɗo da 'yar wasiƙa yana cewa ko dai a bar shi haka, ya gaji. Ba ta amsa wasiƙar ba, ta dai lissafa masa gyara uku da suka rage, ta aika.

Shekara ɗaya da wata biyu bayan zuwansa na farko ta sa hannu. Abin da aka ba shi mallaka bai fi layi goma sha biyu ba.

Ya zo karɓar takardar da kansa, sanye da riga mai guga, ya hawo hawa na uku don ya nuna mata, ko da yake ita ta sa hannu. Ta taya shi murna, ta tambayi motocin.

"Ai an cire akwatunan," ya ce. Kamfanin ya samu sabon manaja, ya ce yanzu kowane fasinja da wayarsa yake kallo, ba amfanin talabijin a mota. An kwance su duka tun watanni biyar da suka wuce. Akwatuna tara suna jibge a bayan gareji, shi kuma an mayar da shi gyaran fitilu da na'urar sanyaya mota. Ya kai maganar wa wasu kamfanoni biyu tun kafin takardar ta fito, kowanne ya ce za a neme shi.

"Sun neme ka?"

"Wayata dai a kunne take." Ya yi murmushi. Ya ce matarsa ta riga ta sayi firam, ta ce a falo za a rataye, sama da hoton bikinsu. Babbar 'yar kuma ta ce a ɗauko mata hoton takardar a waya ta nuna a wurin aiki.

Anti ta ce Allah ya sa albarka. Ya ce amin, ya sa takardar cikin leda don kada gumi ya taɓa ta, ya sauka. Ba ta sake ganinsa ba.

Watanni bakwai bayan nan ta yi ritaya. Aka tara ma'aikata a baranda, Oga ya yi jawabi, aka ba ta agogon bango da fulas ɗin shayi. Ta miƙa wa Dogo fayil sittin da ɗaya, ya karɓa yana cewa, "Anti, wannan gado ne ko hukunci?" Ta kwashe takalmin silifas da take ajiyewa ƙarƙashin tebur da kwalbar maganin ido, duk kayanta ba su cika jaka ɗaya ba.

An yi mata aikin ido a wata na biyu da ritayarta. Ta yi mako guda kwance da bandeji, Auta na karanta mata saƙonnin 'yan uwa, maigidan na shigowa kowane rabin awa yana tambaya ko tana son ruwa, har ta ce ya je ya nemi abin yi. Idon ya ɗan gyaru, wuyan bai gyaru ba. Ta koyi yin barcin rana, abin da ta ɗauka na marasa aiki ne.

Kwanakin baya ofis suka aiko mata da wasiƙa, suna roƙon ta riƙa zuwa sau biyu a mako tana koya wa sababbin ɗauka bincike, don an ɗebi mutum takwas kuma ba wanda ya san hannunsa na dama. Maigidan ya ce ta je, zaman gida na tsufar da mutum, shi shaida ne. Auta ta ce in ta je ba za ta ƙara yi mata tausar wuya ba. Ita dai ta ce za ta yi tunani. Ta ninke wasiƙar biyu ta sa ƙarƙashin gwangwanin sukari a kicin, yau mako na uku ke nan, har gefenta ya fara ɗaukar danshi.